Samarin da ke cikin jirgin, da mutanen da ke ƙarƙashinsa

A majalisarmu ta bayan Isha'i wani ƙanenmu ya miƙo wayarsa, ya ce mu kalli wani bidiyo da ya tsinta. Wani tsohon Bature ne a garin Sheffield na Ingila, yana tsaye cikin sanyi yana share hawaye, jiragen yaƙi suna giftawa ta samansa, dubban mutane sun cika filin. Taron tunawa ne da wasu samarin Amurka goma da jirginsu ya faɗo a wurin a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Bidiyon bai ƙare ba wani daga cikinmu ya yi tsaki. Ya ce, "Masu jefa wa mutane bom ne fa. Allah ya ƙara." Aka yi dariya, aka koma hirar ƙwallo.

Maganar ta tsaya mini a rai. Wanda ya faɗe ta ba mugu ba ne, na kuma san inda ta fito. Mutumin da ya girma yana jin labarin Bagadaza da Kabul, wanda kuma bai manta da abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023 ba, ba za ka zarge shi ba idan ya ji an ce "jirgin yaƙi" ransa ya ɓaci. Duk da haka ban yarda da shi ba.

Ra'ayina shi ne, waɗannan samari sun cancanci a tuna da su, kowa da sunansa, kuma tunawa da su ba wanke Amurka ba ne. Sharaɗina ɗaya: duk inda aka karanta sunayen waɗanda ke cikin jirgin, a ambaci waɗanda bom ɗin ya sauka a kansu. Idan aka tsallake wannan, taron ya zama tallar yaƙi.

Su wane ne ma tukuna?

Jirgin da ya faɗo a Sheffield B-17 ne, mutanensa suna kiransa Mi Amigo. Ranar 22 ga Fabrairun 1944 aka tura shi kai hari filin jiragen Jamusawa a Aalborg ta ƙasar Denmark. Jiragen Jamus suka yi masa rauni, ya lallaɓo har Ingila, ya faɗo cikin itatuwa a wani wurin shaƙatawa mai suna Endcliffe Park. Babu wanda ya fita. Tsohon nan na cikin bidiyo, Tony Foulds, yana ɗan shekara 8 a lokacin, yana filin tare da wasu yara. Ya yi imanin matuƙin ya kauce musu ne da gangan, shi ya sa ya ɗauki shekaru yana share wurin yana kai furanni, har aka shirya wancan taron a 2019.

Kowane irin wannan jirgi mutum goma yake ɗauka: matuƙi da mataimakinsa, mai duba hanya, mai sakin bom, injiniya, mai rediyo, sai maharba da ke gadin jirgin ta gefe da ƙasa da wutsiya. Yawancinsu shekara ashirin da 'yan kai ne. Cikin maharban akwai 'yan 18 da 19, sa'annin yaran da muke kaiwa rubuta jarrabawar shiga jami'a.

Suna tashi sama da kilomita 7 a cikin jirgin da ba a toshe shi daga iska ba. Sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, har fiye. Wanda ya cire safar hannu don gyara bindiga, fatarsa na iya mannewa da ƙarfen. Wanda bututun iskar shaƙarsa ya toshe da ƙanƙara zai sume cikin 'yan mintuna ba tare da na kusa da shi ya sani ba. Maharbin ƙasa kuwa a dunƙule yake cikin wani ƙoƙon gilashi da ƙarfe da bai fi babbar randa ba, yana rataye a cikin jirgin, kuma galibi wurin bai ishe shi ya shiga da laimarsa ba.

A 1943 ƙa'ida ita ce mutum ya yi fita 25 kafin a mayar da shi gida. Yi lissafin da kanka. Idan a kowace fita ana rasa jirgi biyar cikin ɗari, kafin a kai ta 25 waɗanda suka rage ba su kai talatin ba. Wasu ranakun kuma asarar ta ninka haka. Ranar 14 ga Oktoban 1943 jirage 291 suka tashi zuwa Schweinfurt, inda Jamus ke ƙera boris ɗin injinanta. Sittin ba su dawo ba. Mutum 600 ke nan a wuni ɗaya, wasu matattu, wasu fursunoni. Daga baya aka ƙara adadin fitar zuwa 30, aka sake ƙara shi zuwa 35.

Runduna ta Takwas ta sojan saman Amurka, wadda ta yi sansani a gabashin Ingila, ita kaɗai ta rasa mutum sama da 26,000. A maƙabartar sojan Amurka da ke Madingley kusa da Cambridge akwai kaburbura sama da 3,800, sai wani dogon bango mai sunaye sama da 5,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba. Da yawansu 'yan jirgin sama ne da suka faɗa teku ko suka ƙone a sama. Cikin sunayen akwai Joseph Kennedy, yayan John Kennedy da ya zama shugaban Amurka daga baya. Jirginsa, wanda aka cika da abubuwan fashewa, ya tarwatse a sama a Agustan 1944.

"Amma ai fararen hula suka kashe"

Gaskiya ne, kuma ba zan yi mata kwaskwarima ba.

A ranar da Mi Amigo ya faɗo, ranar nan ta 22 ga Fabrairun 1944, wasu jiragen Amurka da aka dawo da su daga hanyar Jamus saboda rashin kyawun yanayi suka nemi inda za su sauke lodinsu. Suka sauke shi a Nijmegen, wani gari a Holan. Holan ba abokiyar gabar Amurka ba ce, ƙasa ce da Hitila ya mamaye, wadda aka ce za a 'yanto. Bama-baman suka sauka a tsakiyar gari, kusan mutum 800 suka mutu, har da ƙananan yara a makarantarsu da matan cocin da ke koyar da su. An daɗe ba a son tayar da zancen, domin waɗanda suka yi ɓarnar su ne kuma suka zo da 'yanci bayan 'yan watanni.

Rana ɗaya, runduna ɗaya. A Sheffield mutum goma da ake yi wa kuka, a Nijmegen ɗari takwas da aka yi shiru a kansu. Duk wanda zai ba ni labarin farko ya ɓoye mini na biyu bai yi mini adalci ba.

Ba kuma nan kaɗai ba. A Mortsel ta Beljiyam, ranar 5 ga Afrilun 1943, an nufi wata masana'antar gyaran jirage, aka kashe mutum 936, sama da 200 daga cikinsu yara. A Dresden ta Jamus, cikin Fabrairun 1945, Birtaniya ta yi ta dare, Amurka ta yi ta rana, mutum wajen 25,000 suka hallaka. A Tokyo ma ba kuskure ba ne. Daren 9 ga Maris na 1945 Janar Curtis LeMay ya tura jiragen B-29 da bama-baman tayar da gobara kan unguwannin da gidajensu na katako ne da takarda, ya san sarai abin da zai biyo baya. Kimanin mutum 100,000 suka ƙone ko suka shaƙe a dare ɗaya. Robert McNamara, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa kafin ya zama ministan tsaro, ya faɗa da bakinsa a ƙarshen rayuwarsa cewa LeMay ya ce da su aka ci da yaƙi, da an gurfanar da su a matsayin masu laifin yaƙi. McNamara ya ce shi ma haka yake gani.

A tarbiyyarmu wannan ba abin jayayya ba ne. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga mayaƙansa a fili take: kada a kashe mace, kada a kashe yaro, kada a kashe tsoho. Ƙona gari da mutanensa ba shi da wani suna mai daɗi a wurina, ko wane ne ya yi.

To a kan wa nauyin yake? Mutane kan ce ɗan aike ba shi da laifi. Ban yarda da wannan gaba ɗayanta ba. Aikin jirgin sama ba tilas aka yi wa yawancinsu ba, su suka nema, wasu don kishin ƙasa, wasu don sha'awar tashi sama, wasu don gudun zaman rami a bakin daga. Hannunsu ne ya saki bom ɗin. Suna da kasonsu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rayu sun ɗauki wannan kaso har kabari.

Amma kason yaron da ke maƙale a wutsiyar jirgi ba ɗaya yake da na wanda ya zauna a ofis ya zana da'ira a kan taswira ba. Yaron bai zaɓi gari ba. Da asuba ake tara su a ɗaki, a yaye labule, a nuna musu inda za su. Wanda ya zaɓi Tokyo ya rayu har tsufa, ya samu ƙarin girma, ya zama shugaban sojan saman ƙasarsa baki ɗaya, ya rasu a 1990. Yaron kuwa ko ƙashinsa ba a samu ba. Idan fushinmu ya tsallake janar ɗin ya sauka a kan yaron, ya ɓata hanya.

Sannan mu tuna da wa ake yaƙin. Gwamnatin Hitila ta kashe Yahudawa miliyan shida saboda jinsinsu. A Yunin 1940, a Chasselay kusa da Lyon ta Faransa, sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka ta Yamma da suka kama daga cikin Turawa, suka harbe su. Mai baƙar fata ba shi da abin da zai samu a duniyar da Hitila ya ci nasara. Wannan bai halatta Dresden ba. Ya nuna dai cewa yaƙin ba na neman ganima kawai ba ne, kuma wanda ya mutu a hanyar rusa matatar man Hitila bai mutu a banza ba.

Waɗanda aka jefa wa bom ɗin me suka ce?

Nan ne abin ya fi ba ni mamaki, nan ne kuma na fi samun ƙarfin ra'ayina.

A Margraten, a cikin Holan ɗin da aka jefa wa bom, akwai maƙabartar sojan Amurka mai kaburbura sama da 8,000. Tun 1945 mutanen yankin suka fara ɗaukar kaburburan ɗaya bayan ɗaya, kowane gida da nasa. Suna kai ziyara, suna kai furanni, suna neman dangin mamacin a Amurka su rubuta musu. Kaka ta bar wa 'yarta, 'yar ta bar wa jika. Yau babu kabarin da ba shi da mai kula da shi, har layi ake bi. Wani abin lura kuma, sojojin Amurka baƙar fata ne suka haƙa yawancin kaburburan farko, a lokacin da rundunar ƙasarsu ba ta yarda su kwana ɗaki ɗaya da farare ba.

A Japan, cikin Yunin 1945, jiragen B-29 sun ƙona garin Shizuoka, mutum wajen 2,000 suka mutu. A cikin harin jirage biyu suka yi karo da juna, Amurkawa 23 suka hallaka. Wani mutumin garin mai suna Fukumatsu Itoh ya tattara gawarwakinsu ya binne, a lokacin da yin hakan zai iya sa a kira shi maci amana. Bayan yaƙi ya kafa duwatsun tunawa biyu a kan tsauni, ɗaya na mutanen garinsu, ɗaya na waɗanda suka ƙona garin. Har yanzu ana taruwa a wurin duk shekara, Japanawa da Amurkawa tare.

Sai Shigeaki Mori. Yana ɗan shekara 8 bom ɗin nukiliya ya faɗa wa Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, ya tsira da ƙyar. Da ya girma ya gano cewa cikin matattun akwai fursunonin yaƙi 'yan Amurka 12, 'yan jirgin sama da aka harbo kwanaki kaɗan kafin nan, waɗanda bom ɗin ƙasarsu ya kashe. Ya shafe shekaru da dama yana bin diddigin sunayensu, yana neman iyalansu, har ya sa aka shigar da su cikin rajistar waɗanda bom ɗin ya kashe. Shi ne tsohon da Obama ya runguma lokacin da ya je Hiroshima a Mayun 2016.

Ba kowa ne ya yi irin wannan hali ba. A Rüsselsheim ta Jamus, ranar 26 ga Agustan 1944, an biyo da wasu 'yan jirgin Amurka da aka kama ta cikin gari, washegarin daren da jiragen Birtaniya suka yi wa garin ruwan wuta. Jama'a suka far musu da duwatsu da sanduna da guduma, shida suka mutu. Ba su ne suka kai harin daren ba, sun dai faɗo hannun mutanen da zuciyarsu ke tafasa. Mun san irin wannan fushi na taron jama'a, mun san kuma ba ya tsayawa tambaya. Bayan shekara 60, a 2004, mutanen garin da kansu suka kafa wa samarin abin tunawa a kan titin da aka kashe su.

Tambayata ga ɗan'uwana mai tsaki ita ce: idan wanda wuta ta ci garinsu ya iya durƙusawa ya binne wanda ya kunna ta, ni da nake Arewa, wanda bom ɗin 1945 bai taɓa ko akuyar gidanmu ba, da wane dalili zan fi shi fushi?

Ba ma sai mun je Japan neman darasi ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa ta gaban Annabi (SAW), sai ya miƙe tsaye. Aka ce masa ai gawar Bayahude ce. Ya ce, "Ashe ba rai ba ne?" Ya kuma hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ban ce kowa ya yi musu addu'a ba, wannan magana ce ta malamai. Na ce dai "Allah ya ƙara" a kan yaron da ya ƙone da ransa ba maganarmu ba ce.

"Me ya shafe mu?"

Ya shafe mu fiye da yadda muke zato. A lokacin Yaƙin Hitila jiragen Amurka, har da manyan masu jefa bom, sun riƙa tsallako Tekun Atlantika daga Brazil su sauka Accra, su biyo ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, su wuce El Fasher da Khartoum zuwa Masar da Indiya. Wasu daga cikin waɗannan samari sun sha ruwan Kano a kan hanyarsu ta zuwa inda za su mutu.

Daga ƙasar Afirka ma aka kai ɗaya daga cikin hare-hare mafi muni a gare su. Ranar 1 ga Agustan 1943 jiragen B-24 sama da 170 suka tashi daga Bengazi ta Libiya zuwa matatun mai na Ploiesti a Romaniya, inda Jamus ke samun kaso mai tsoka na manta. An umarce su su yi ƙasa-ƙasa, dab da rufin gidaje. Sama da jirgi 50 ba su dawo ba, sama da mutum 300 suka mutu. Ɗaya daga cikin jiragen ya faɗa kan gidan yarin mata a garin, ya kashe mutane da dama da ba su san hawa ba balle sauka.

Akwai kuma labarin jirgin da ake kira Lady Be Good. Ya tashi daga Soluch a Libiya ranar 4 ga Afrilun 1943 zuwa Naples, fitarsu ta farko ke nan. A dawowa cikin dare suka wuce sansaninsu ba su sani ba, suka nausa cikin hamada har mai ya ƙare. Su tara suka diro da laima, ɗaya tasa ba ta buɗe ba. Sauran takwas suka nufi arewa a ƙafa, suna zaton teku na kusa, alhali sun yi nisan ɗaruruwan kilomita. Ruwansu rabin gora ne. Sun yi tafiyar sama da kilomita 120 kafin biyar su kasa, uku suka ci gaba neman taimako. Mataimakin matuƙin, Robert Toner, yana rubuta abin da ke faruwa kowace rana a ɗan littafinsa har ƙarfinsa ya ƙare. Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango jirgin daga sama, a 1960 aka samu gawarwakin, ban da ta mutum ɗaya. Duk gidan da ya taɓa jiran labarin ɗansa da ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya ya san abin da iyayen waɗannan yara suka sha na shekara 17.

Abin da ya fi shafarmu kuwa shi ne namu. Kakanninmu sun yi wannan yaƙi a dajin Boma, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin. Sunayen wuraren da suka yi faɗa suna nan a kan barikokinmu: Dalet a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan. Sansanin soja mafi girma a Accra ma sunansa Burma Camp. Sunan wuri ya tsira, sunan mutum fa? Tambayi matashi a unguwarku ya kawo maka sunan mutum ɗaya daga garinku da ya tafi Boma bai dawo ba.

Turawan mulki suna da laifi babba a nan. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta amince cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Amma wannan hujja ce ta a nemo namu. Ba hujja ba ce ta a tofa wa na wasu yawu. Namu na Yaƙi na Biyu da yawa suna rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon ta Boma, kuma ana iya binciko su a shafin hukumar na intanet, galibi sunan mutum haɗe da sunan garinsu.

Inda nake tsoro

Akwai suka ɗaya da ba zan iya turewa ba. Gwamnatoci suna amfani da matattu. A nuna maka hoton kyakkyawan yaro mai murmushi cikin rigar fata, a busa ƙaho, jirage su gifta, zuciyarka ta yi laushi, gobe a ce maka yaƙin da za a shiga yanzu ma irin wancan ne. Da sunan 1944 an sayar da yaƙe-yaƙen da ba su da alaƙa da Hitila ko kaɗan.

Maganin wannan ba mantuwa ba ne, faɗin duka ne. Lokacin da Birtaniya ta buɗe nata abin tunawa da 'yan jiragenta masu jefa bom a Landan a 2012, mutum 55,573 da suka mutu a yaƙin, ta rubuta a jikin ginin cewa ana kuma tunawa da mutanen kowace ƙasa da suka rasa rayukansu a hare-haren. Jimla ɗaya ce tak, an kuma sha gardama kafin a kai ga ginin, amma tana nan a rubuce. Ina son ganin irinta a kowane wurin da Amurka ke karrama nata.

Amurka tana da wata hukuma ta musamman, DPAA, wadda aikinta kawai nemo gawarwakin sojojinta da suka ɓace. Sama da 80,000 ne ba a gano ba, fiye da 70,000 daga cikinsu na Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'aikatanta suna tona gonaki a Jamus, suna nutso a teku, suna hawa duwatsun Papua New Guinea, su kai ɗan guntun ƙashi ko haƙori ɗakin gwaji a Hawaii ko Nebraska, su gwada shi da ƙwayar halittar dangi. Ta haka a 2022 aka gano Laftanar Kanar Addison Baker, wanda ya ci gaba da jan tawagarsa a Ploiesti jirginsa na ci da wuta, bayan shekara kusan 80 yana kwance a kabarin da ba suna. Wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce. Ni ina ganin ƙasar da ta tura yaro ya mutu, mafi ƙarancin bashin da ke kanta shi ne ta mayar wa danginsa abin da ya rage.

Sai dai wannan hukuma tana aiki a Laos ma, tana neman 'yan jirgin da suka faɗo a zamanin yaƙin Vietnam. Tsakanin 1964 da 1973 Amurka ta zuba wa wannan ƙaramar ƙasa bama-bamai sama da tan miliyan biyu. Cikin ƙananan bama-bamai kimanin miliyan 270 da aka watsa, wajen miliyan 80 ba su fashe ba, suna nan cikin gonakin shinkafa, manomi ya sare su da fartanya, yaro ya ɗauka ya zaci abin wasa ne. Kafin masu tonon gawa su fara aiki sai an share musu filin daga waɗannan bama-bamai. Gonar da ke maƙwabtaka da filin tana jiran nata layin. A 2016 Obama ya je ƙasar ya yi alkawarin dala miliyan 90 cikin shekara uku don aikin sharewa, kuma aikin har yanzu da sauransa da yawa.

Ina goyon bayan a ci gaba da neman waɗancan samari har a samu na ƙarshensu. Ina kuma buƙatar majalisar dokokin da ke ware kuɗin neman ƙashinsu ta ware kuɗin share gonakin Laos da irin wannan naci, kowace shekara, ba sai shugaban ƙasa zai kai ziyara ba.